Walwalar Dabbobi da Ribar Kiwo: Tambayoyi da Amsoshi kan Halin Mai Kiwo da Amfanin Garkensa

Za ka ga gonaki biyu, irin shanunsu ɗaya, abincinsu ɗaya, likitan da ke duba su ma ɗaya, amma wannan tana cika bokiti da madara, waccan kullum cikin ƙorafi. Ana ɗora laifin a kan iri, ko ciyawa, ko sa'a. Sau da yawa kuwa bambancin yana tattare da mutumin da ke shiga cikin dabbobin safe da yamma: yadda yake kallonsu, yadda yake taɓa su, da abin da ya ɗauke su a ransa. Ga tambayoyin da masu kiwo suka fi yi a kan wannan batu.

Idan aka ce walwalar dabba, me ake nufi? Ba ci da sha da magani ba ne?

Suna ciki, amma ba su ƙare zancen ba. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, mai hedikwata a Faris, ta bayyana walwala da cewa ita ce halin da jikin dabba da zuciyarta ke ciki dangane da yanayin da take rayuwa da kuma yanayin da take mutuwa. Ke nan har da abin da take ji: tsoro, raɗaɗi, gajiya, natsuwa.

Ma'aunin da aka fi sani daga Birtaniya ya fito. A 1965 wani kwamiti ƙarƙashin Farfesa Rogers Brambell ya duba dabbobin da ake killacewa a manyan gonaki, ya ce ko ba komai a bai wa dabba wurin da za ta miƙe tsaye, ta kwanta, ta juya, ta gyara jikinta, ta miƙe ƙafafunta. A 1979 aka faɗaɗa wannan ya zama 'yanci biyar: kada yunwa da ƙishirwa su dame ta, kada makwanci ya takura ta, a kare ta daga ciwo da rauni da cuta, kada a jefa ta cikin tsoro da firgici, sannan a bar ta ta yi ɗabi'ar da aka halicce ta a kai. Kaza ta yi tono ta yi birgima a ƙasa, saniya ta kwanta ta yi tuƙa cikin 'yan'uwanta.

Su masu kiwon da kansu, yaya suke kallon wannan magana?

Kusan babu mai kiwon da zai ce bai damu da dabbobinsa ba, kuma mafi yawansu gaskiya suke faɗa. Inda ake rabuwa shi ne wurin auna jin daɗin. David Fraser, masani a Kanada, ya nuna cewa mutane suna kallon walwala ta fuska uku: wani lafiyar jiki da girma da haihuwa yake dubawa, wani abin da dabbar ke ji, wani kuma ko tana rayuwa irin ta asalinta. Binciken da aka yi ta yi a ƙasashen Turai ya nuna manoma sun fi karkata ga ta farko. In dabba tana ci, tana girma, tana haihuwa, to a wurinsu lafiya lau. Mutanen birni masu sayen nama da ƙwai kuwa sun fi damuwa da ko dabbar tana fita fili tana ganin rana.

Shi ya sa mai kiwo kan ji haushi idan wanda bai taɓa kwana a kan saniya mai naƙuda ba ya zo yana koya masa tausayi. Haushin nan yana da dalili. Sai dai shi ma ma'aunin mai kiwon yana da giɓi, kuma za mu zo kansa.

Akwai kuma abin da masu lissafin tattalin arziki kan manta: masu kiwo da yawa suna kashe kuɗi a kan dabba alhali sun san ba za su mayar ba, don kawai ba za su iya kallonta tana wahala ba, ko don suna alfahari da a ga garkensu sumul.

Da gaske halin mutum yana iya rage madara ko hana dabba girma?

Da gaske ne, kuma an auna. Waɗanda suka fi kowa bin diddigin wannan su ne Paul Hemsworth da Grahame Coleman a Ostireliya, tun daga shekarun 1980, farko a gonakin aladu, daga baya a na shanun tatsa. Abin da suka gano sarƙa ce mai gaɓa huɗu. Abin da ma'aikaci ya yi imani da shi game da dabba shi ke tsara yadda hannunsa ke aiki. Wanda ya ɗauka cewa shanu taurin kai ne da su, ba sa motsi sai da duka, zai yawaita mari da tsawa da murɗe wutsiya. Wannan sai ya haifar da tsoron mutum a zuciyar dabbar. Tsoron da ya daɗe kuwa yana sa jiki ya riƙa fitar da sinadaran tashin hankali irin su kotisol, waɗanda ke karkatar da ƙarfin jiki daga girma da haihuwa da yaƙar cuta zuwa shirin gudu.

A wani bincikensu na shekarar 2000 a gonakin madara, tsoron da shanu ke yi wa mutane shi kaɗai ya bayyana kusan kashi ɗaya cikin biyar na bambancin yawan madara tsakanin gona da gona. A gonakin aladu ma, inda dabbobin suka fi gudun mutane nan haihuwa ta fi ƙaranci.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan aiki shi ne irin dukan da ake magana a kai. Yawancinsa ba mugun duka ba ne da za a ce zalunci. Ɗan mari ne a gindi, ɗan shuri, tsawa, gaggawa, abubuwan da mai yinsu bai ma ƙidaya su a matsayin komai ba. Yawansu da maimaituwarsu kullum ne ke yin ɓarnar.

Ta yaya tsoro ke tsayar da madara a hantsa?

Mafi yawan madarar saniya tana can sama cikin ƙananan jakunkunan hantsa, ba ta sauka sai an matso ta daga ciki. Idan maraƙi ya fara tsotso, ko mai tatsa ya shafa hantsa, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari mai suna okisitosin, ya bi jini ya sa jakunkunan su matse. Aikinsa na 'yan mintoci ne kawai. Idan saniya ta firgita a wannan lokaci, jijiyoyin jinin hantsa sukan tsuke, sakin sinadarin ma ya ragu, sai madara ta maƙale. Masu tatsa kan ce saniya ta riƙe nono, kamar da gangan take yi, alhali abin ya fi ƙarfinta.

A Kanada, a 1999, Jeffrey Rushen da abokan aikinsa sun sa mutum ɗaya yana mu'amala da shanu cikin laushi, wani kuma da tsanani. Ranar tatsa, tsayuwar mai tsananin kusa da saniya kawai, ba tare da ya taɓa ta ba, ta ƙara yawan madarar da ke saura a hantsa da kashi 70 cikin 100. Madarar da ke yawan kwana a hantsa kuwa tana sa jiki ya rage yin sabuwa.

Ashe dabba tana gane wanda ya cuce ta?

Tana ganewa, tana kuma riƙewa. Shanu suna bambanta mutane ta fuska da tsayi da launin tufafi, suna tuna wurin da aka yi musu abu mai zafi. A Kambirij ta Birtaniya, binciken Keith Kendrick na 2001 ya nuna tunkiya tana iya tuna fuskokin tumaki 50 har tsawon shekara biyu. Matsalar ita ce dabba kan yi wa mutane kuɗin goro: ma'aikaci ɗaya mai zafin hannu ya isa ya sa garke duka ya ƙi amincewa da kowa.

Na ji an ce saniyar da aka raɗa wa suna ta fi ba da madara. Gaskiya ne?

Labarin yana da tushe. A 2009 Catherine Douglas da Peter Rowlinson na Jami'ar Newcastle sun tambayi manoman madara 516 a Birtaniya, suka tarar gonakin da ake kiran shanu da suna suna samun ƙarin lita 258 daga kowace saniya a zangon tatsa guda. Amma kada a ɗauka sunan ne ke zubo madara. Wanda ya san saniyarsa har ya sa mata suna, shi ne zai lura ranar da ta bar abinci a kwano, ko ta tsaya a bayan garke ba kamar yadda ta saba ba.

Shanuna suna ba da madara sosai, kajina suna zuba ƙwai. Wannan ba shaida ba ce cewa suna jin daɗi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan ma'aunin masu kiwo ke da giɓi.

John McInerney, masanin tattalin arzikin noma a Jami'ar Exeter, ya zana dangantakar walwala da amfani a matsayin layi mai lanƙwasa. Da farko tare suke hawa: ka ba dabba abinci, ka kare ta daga cuta da rana da namun daji, ta ji daɗi, kai ma ka samu ƙari. Akwai inda ake kaiwa kuwa sai hanya ta rabu. Daga nan za ka iya ci gaba da matso amfani daga dabbar, ta cunkoso ko ta zaɓen iri mai saurin girma, amma jin daɗinta sai raguwa yake. In aka ci gaba da matsawa, a ƙarshe jikin ya gaza, amfanin ma ya rushe.

Kajin nama su ne misali mafi bayyana. Masu bincike a Jami'ar Alberta sun yi kiwon irin kajin 1957 da na 2005 da abinci iri ɗaya. A kwana 56, ta 1957 tana da nauyin giram 905, ta 2005 kuwa ta haura kilo 4. Wannan nasara ce ta fuskar nama, amma ƙashi da zuciya ba su yi saurin da tsoka ta yi ba, shi ya sa ciwon ƙafa da bugun zuciya suka yawaita a irin waɗannan kaji. Kazar ƙwai ta zamani tana yin ƙwai kusan 300 a shekara, tana zarar sinadarin ɓawon daga ƙashinta, kuma da yawa daga cikinsu ana samunsu da karayar ƙashin ƙirji alhali ba su daina yin ƙwai ba. Saniyar tatsa mai yawan madara a manyan gonaki ba kasafai take wuce haihuwa uku zuwa huɗu ba kafin a fitar da ita saboda ciwon hantsa, ɗingishi ko rashin ɗaukar ciki, ita da za ta iya kai shekara 20.

Saboda haka faɗuwar amfani alama ce mai ƙarfi cewa akwai matsala, amma yawan amfani bai isa shaidar cewa babu ita ba. Kuma lissafin garke yana ɓoye ɗaiɗaiku: jimillar madara za ta iya yin kyau alhali shanu biyar a ciki suna tafiya da ƙyar.

Me ya sa mai kiwo, wanda kullum yana tare da dabbobinsa, ba ya ganin ciwon da baƙo ke gani?

Dalili biyu ne. Na farko daga dabbar yake. Shanu da tumaki da awaki asalinsu abin farauta ne, kuma a daji wadda ta nuna rauni ita ake fara kamawa. Don haka suna ɓoye ciwo, ba sa kuka sai abin ya kai maƙura. Na biyu daga mutum yake: ido yana sabawa. Abin da kake gani kullum, yana ƙaruwa kaɗan kaɗan, sai ya zame maka daidai.

An auna wannan a kan ɗingishi. A wani binciken gonakin madara a Birtaniya a farkon shekarun 2000, manoma sun ƙiyasta cewa kusan shanu 6 cikin 100 ne ke ɗingishi a garkensu. Da masu bincike suka duba saniya ɗaya bayan ɗaya, sai suka samu 22 cikin 100. Wani binciken na 2002 a ƙasar ya ƙiyasta cewa saniya mai ɗingishi tana asarar kimanin kilo 360 na madara a zangon tatsa, kuma madarar takan fara raguwa watanni kafin a gane ciwon. Manoman nan ba marasa tausayi ba ne. Sun ɗauki gurguwa ita ce wadda ta kasa taka ƙafa, alhali wadda ke gantsare baya sama tana gajerun taku tana gyaɗa kai ta riga ta daɗe cikin raɗaɗi.

Maganin wannan shi ne ka riƙa kawo ido na biyu, likitan dabbobi ko wani mai kiwon da ka amince da shi, ya zagaya garkenka ya faɗa maka gaskiya, kai ma ka zagaya nasa.

Ba ni da kuɗin gina rumfunan zamani. Walwala ba ta masu hali ba ce?

Wasu gyare-gyaren suna cin kuɗi, babu musu. Amma waɗanda suka fi saurin biya yawanci arha ne.

Ruwa ne kan gaba. Kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne, kuma saniya mai yawan madara tana iya shan fiye da lita 100 a rana idan ana zafi. Dabbar da ba ta sha ta ƙoshi ba, ba ta ci ta ƙoshi. Ka duba kuma ko manya suna hana ƙanana isa kwamin ruwa da na abinci, domin a kowane garke akwai masu danniya, kuma ƙarin wurin ci guda ɗaya yakan warware abin da buhun magani bai warware ba.

Sai inuwa. Dabbar da zafi ya dama takan rage ci don rage zafin da narkar da abinci ke haifarwa, sai madara ta ragu, ɗaukar ciki ya yi wuya. Sai makwanci busasshe. Saniya tana son kwanciya awa 10 zuwa 14 a rana, a kwance take yawancin tuƙarta, kuma jini ya fi gudana zuwa hantsa a lokacin. In wurin jiƙe yake ko da tauri, sai ta yi ta tsayuwa, kofato ya lalace, ƙwayoyin cuta su shiga kan nono.

Sai dakashi. Maraƙi da ɗan rago da ɗan akuya ana haihuwarsu ba su da garkuwar jiki, daga nonon farko suke samu. Hanjinsu yana karɓar wannan garkuwa sosai a awannin farko, kafin awa 24 ƙofar ta rufe. Wanda ya tabbatar jariri ya sha ya ƙoshi cikin awa shida na farko ya rage wa kansa zawo da ciwon huhu da mace-mace da yawa, bai kashe ko kwabo ba.

Ko a manyan gidajen kaji haka abin yake. Marian Dawkins ta Jami'ar Oxford ta jagoranci bincike a kan kaji miliyan 2.7 na kamfanoni goma, aka wallafa a 2004. Cunkoso yana da illa, amma bambancin kamfani da kamfani wajen kula da iska, zafi, laima da bushewar shimfiɗa ya fi tasiri a kan lafiyar kajin. Wato kulawar yau da kullum.

In ban ɗaga sanda ba, yaya zan kora garke?

Ka yi aiki da yadda dabbar ke gani. Idanun saniya a gefe suke, tana ganin kusan ko'ina kewaye da ita ban da daidai bayanta, amma ba ta iya auna zurfi da kyau. Shi ya sa inuwa a ƙasa, ko ƙyallin ruwa, ko tsumma mai kaɗawa a ƙofa ke tsayar da ita cak. Mai kora ya ɗauka taurin kai ne, ita kuwa dubawa take ko rami ne.

Temple Grandin ta Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka ta yaɗa ƙa'idoji biyu masu sauƙi. Kowace dabba tana da da'irar da in ka shiga za ta matsa, in ka fita ta tsaya. Kuma kafaɗarta ita ce ma'auni: ka tsaya bayan kafaɗa ta yi gaba, ka tsaya gabanta ta ja baya. Wanda ya iya waɗannan biyu zai tafiyar da garke da takunsa kawai. Kada a ware dabba ita kaɗai in ba dole, kada a cika ƙofa, a bar su su bi ta gaba da saurinsu. Saniyar da aka firgita tana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ta dawo hayyacinta, don haka gaggawa ita ke ɓata lokaci. Sanda tana da amfani a matsayin ƙarin tsawon hannu don nuna hanya da kare kai.

Akwai kuma lafiyar shi mai kiwon. Yawancin shuri da tunkuyi daga dabbar da ta tsorata suke fitowa.

Fiɗiya da cire ƙaho fa? Dole ne a wasu gonakin.

In dole ne, a yi da wuri, a yi da maganin kashe zafi. Tsiron ƙahon maraƙi bai manne da ƙashin kai ba sai wajen wata biyu, cire shi kafin lokacin ƙaramin aiki ne idan aka kwatanta da yanke ƙahon babban sa, wanda ke buɗe rami har cikin ƙoƙon kai. Dokar Birtaniya ba ta yarda a yi fiɗiya da zoben roba ba tare da allurar kashe zafi ba sai a cikin kwana bakwai na farko. Tsohuwar maganar cewa jarirai ba sa jin zafi ba gaskiya ba ce. Suna ji, warkewa ce kawai ta fi musu sauri. Wanda aka yi wa da magani yakan koma cin abinci da wuri.

Dabbar da za a yanka gobe, mene ne amfanin lallashinta yau?

Ko ta fuskar nama kawai akwai amfani. Tsokar dabba tana ajiye wani nau'in sukari, wanda bayan yanka yake juyewa ya zama ɗan tsami mai sa nama ya yi ja mai haske ya kuma jure ajiya. Doguwar tafiya, yunwa, faɗa da baƙin dabbobi da duka suna ƙone wannan sukari kafin yanka. Sai naman ya fito baƙi-baƙi, da tauri, ya yi saurin lalacewa. Duk inda sanda ta sauka kuma jini yakan kwanta, mahauci ya yanke ya zubar, fatar ma darajarta ta faɗi. Amfanin wahalar shekara biyu yana iya raguwa a kwana ɗaya na lodi da sauke kaya.

Ban da wannan, ranar ƙarshe ita ce ranar da dabba ta fi kowace rana shiga tsoro, kuma tana hannunka har lokacin.

Kiwon sake ya fi na killacewa? Ƙaramin garke ya fi babbar gona?

Kowanne da irin wahalarsa. Dabbar sake tana tafiya, tana zaɓen ciyawa, tana zama da 'yan'uwanta, amma tana fuskantar yunwar rani, kaska, tsutsar ciki, nisan ruwa da namun daji. Ta killace ta tsira daga waɗannan, sai ta haɗu da cunkoso, warin fitsari, rashin motsi da saurin yaɗuwar cuta. Akwai tsarin da komai ƙwazon mai shi ba zai bai wa dabba sararin ɗabi'arta ba, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta ƙananan kejin kajin ƙwai marasa komai a ciki daga 2012. Amma a cikin tsari iri ɗaya, tazarar da ke tsakanin gona mai kyau da marar kyau babba ce ƙwarai, kuma mutum ne ke kawo ta. Akuya uku a ɗaure a rana da gajeriyar igiya ba su fi dubu a rumfa mai iska jin daɗi ba.

Ba zan iya rufe giɓin da magani ba?

Na ɗan lokaci ne. Zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa da abinci kullum yana rufe alamun ƙazanta da cunkoso, amma yana koya wa ƙwayoyin cutar jure maganin, har ranar da ake buƙatarsa ya ƙi aiki, ga dabba da ga mutum. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi don ƙara girma tun 2006. Allurar rigakafi kanta ba ta kamawa da kyau a jikin dabbar da ke cikin yunwa ko tashin hankali.

Ina da ma'aikata. Ana iya canja halin mutum kuwa?

Ana iya, amma faɗa da barazana ba sa yi. Hemsworth da Coleman sun tsara horo wanda ke fara taɓa abin da ma'aikaci ya yi imani da shi: a nuna masa da hujja cewa dabba tana jin ɗan marin nan, tana tunawa, kuma yana rage madara. A gonakin da aka yi horon, duka ya ragu, shanu suka rage gudun mutane, amfani ya ƙaru.

Sai dai mai gona ya dubi nasa ɓangaren. Ma'aikacin da bai yi barci ba, albashinsa bai zo ba, aka ba shi dabbobin da suka fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙofar shinge ta lalace tun bara, a kan dabba zai huce. Masu bincike yanzu suna haɗa walwalar manomi da ta dabbarsa wuri guda, domin sau da yawa garken da aka samu a yashe, in an bincika, mai shi bashi ne ko rashin lafiya ko damuwa ta danne shi. In za ka ɗauki sabon ma'aikaci, ka sa shi ya shiga cikin dabbobi ka tsaya ka kalla. Yadda suka karɓe shi zai gaya maka abin da bakinsa ba zai faɗa ba.

To inda kyautatawa ba ta kawo riba fa, me zai sa in yi?

Ba zan ce maka kowace kyautatawa tana mayar da kuɗinta ba, domin ba haka ba ne. Allurar kashe zafi, ƙarin fili, irin kaji mai jinkirin girma, jinyar tsohuwar dabba, wasu daga cikinsu daga aljihunka za su fita ba su dawo ba, sai in kasuwa ta yarda ta biya ƙari ko doka ta daidaita kowa. Masu wa'azin walwala da ke ɓoye wannan suna zubar da amincinsu a idon manoma.

Dalilin da ya rage shi ne haƙƙi. Dabba tana jin zafi, ba ta da bakin kai ƙara, kuma kai ka ɗaure ta ka hana ta neman wa kanta mafita. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Dokoki ma sun fara bin wannan: yarjejeniyar Lisbon ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2009, ta amince cewa dabbobi halittu ne masu ji. Nauyin kuma bai kamata a bar wa mai kiwo shi kaɗai ba. Mai saye da ke son nama mai arha kuma yana son a ji tausayin dabba, shi ma yana da kasonsa a cikin lissafin.

Yaya zan auna halin da garkena ke ciki ba tare da na'ura ba?

Ka fara da gwajin tsoro. Lokacin da shanu ke cin abinci, ka tsaya kamar mita biyu a gaban ɗaya, ka nufe ta a hankali, taku ɗaya a daƙiƙa, hannunka a ɗan miƙe. Ka lura da nisan da ya rage lokacin da ta kau da kai ko ta ja baya. In mafi yawansu suna bari ka taɓa hancinsu ko ka kusa, hannun da ke kula da su mai kyau ne. In tun daga nesa suke watsewa, ka bincika wa ke shiga cikinsu da kuma yadda yake yi.

Sannan ka sa su wuce ɗaya bayan ɗaya a ƙasa mai tauri, ka ƙidaya masu gantsare baya da gajeren taku. Ka shafa haƙarƙari da ƙugu da hannu, domin gashi da ulu suna ɓoye rama. Ka duba gwiwa da wuya ko akwai saɓewar gashi ko kumburi, alamar makwanci ko igiya na cin jiki. Da rana tsaka ka ƙidaya numfashi: saniyar da ta haura 60 a minti zafi ya dame ta. Awa biyu bayan cin abinci, ka ga nawa ne ke kwance suna tuƙa. A ɗakin kaji ka durƙusa daidai tsayinsu ka shaƙi iskar, in ta yi maka yaji a ido to su a ciki suke kwana. Ka juya ƙafar kaza ka ga ko tafin ya ƙone da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. 'Yan tsaki in sun dunƙule wuri ɗaya sanyi suke ji, in sun manne da bango suna haki zafi ya yi yawa.

Ka rubuta abin da ka samu da kwanan wata, tare da adadin waɗanda suka mutu, suka yi ɓari ko aka yi wa magani, ka maimaita bayan wata ɗaya a lokaci iri ɗaya na yini, sannan ka ajiye takardar kusa da ta madara ko ta ƙwai don ka riƙa karanta su tare.